Sigima: Baƙon da Ake Gane Zuwansa Daga Sauyin Taku

[Kiɗan buɗe shiri. A rage shi sannu a hankali.]

  Ga mu kuma a filinmu na ilimin kimiyya.

Yau da roƙo zan fara. Duk wanda hannunsa ba ya kan sitiyari ko kan babur, ya shimfiɗa tafinsa sama, kamar mai karɓar goro. To, kafin in kai ƙarshen wannan magana, wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa sun ratsa tafin nan naka sun shige ƙasa, kusan guda ɗaya kowane sakan. Ba ka ji ba, ba ka gani ba. Rufin kwano bai tare su ba, soron ƙasa bai tare su ba. Masana na kiransu miyuwon. Sai dai yau da iyayensu muka zo. Can sama, wajen kilomita 15 bisa kan Sakkwato, wasu ƙwayoyi masu tsananin gudu da ke zuwa daga sararin samaniya suna faɗa wa iska dare da rana. A cikin wannan karo ake haifar wani abu mai suna fayon. Fayon ba ya daɗewa, yana mutuwa sai ya bar miyuwon, shi ne ya iso tafin hannunka. Ke nan ana haihuwar fayon a saman Hubbare da saman Kwalkwalawa tun kafin a kafa garin nan, mu ne dai ba mu sani ba.

Mene ne fayon, kuma me ya kawo shi duniya?

Ƙwayar zarra dai sunanta ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taɓa zama gaban malam. Abin da kimiyya ta ƙara mana shi ne, zarrar ma tana da cibiya, kuma a cikin cibiyar akwai mazauna iri biyu, furoton da niyutoron. Furoton yana ɗauke da cajin lantarki, kuma masu caji iri ɗaya ture juna suke yi. To me ya hana cibiyar tarwatsewa? Wannan tambaya ta hana masana barci a shekarun 1930. A 1935 wani matashin malami a Jami'ar Osaka ta ƙasar Japan, Hideki Yukawa, ya kawo amsar da Bahaushe ba zai sha wuyar ganewa ba: zumunta a ƙafa take. Ya ce akwai ɗan aike da ke kai-komo tsakanin mazauna cibiyar, kamar yaron da ke kai kwanon tuwo daga wannan gida zuwa wancan, kuma wannan zirga-zirga ita ce ke riƙe da su. Ya ƙara da cewa, gwargwadon nauyin ɗan aiken, gwargwadon gajartar tafiyarsa. Da yake an san iya nisan da wannan ƙarfi yake kaiwa, sai ya juya lissafi ya ce nauyin ɗan aiken zai kai na ilektaron kamar sau 200.

Shekara 12 aka yi ana nema. A 1947 wasu masana a Jami'ar Biristol ta Ingila, ƙarƙashin Cecil Powell, suka ajiye faifan ɗaukar hoto na musamman a kan manyan duwatsu, ɗaya a kudancin Faransa, ɗaya a dutsen Cakaltaya na ƙasar Bolibiya, mai tsawon sama da mita 5,000. Da suka wanke faifan suka duba da madubin ƙara girma, sai ga sawun fayon ya zo ya tsaya, ga sawun miyuwon ya tashi daga inda ya mutu. Wanda ya hau dutsen na Bolibiya wani saurayi ne ɗan Burazil, César Lattes, bai wuce shekara 23 ba. An ba Yukawa kyautar Nobel a 1949, aka ba Powell a 1950. Lattes bai samu ba, kuma ni a ganina an ci haƙƙinsa, amma wannan zancen wata rana ne.

Nauyin fayon, a ma'aunin da masu wannan fanni ke amfani da shi, wanda suke kira MeV, kusan 140 ne. Furoton 938. Ilektaron rabin ɗaya kacal. Ku riƙe 140 ɗin nan, za mu riƙa auna sauran da shi, kamar yadda ake auna hatsi da mudu.

To yanzu ga tambayar da ta tara mu. Mun ji ɗan aike yana tafiya tsakanin gidaje. Idan 'yan aike biyu suka yi kiciɓis a lungu fa? Gaisawa suke yi, ko bangaje juna, ko kuwa tsayawa suke yi su ɗan yi hira? Wannan shi ne binciken karon fayon da fayon, kuma ya ci ƙarfin masana fiye da shekara 50.

Wahalar farko, ba a iya tara fayon a kwano. Mai caji a cikinsu yana rayuwa kashi 26 ne cikin biliyan na sakan. Ko da gudun haske yake tafiya, wannan lokaci bai wuce na ratsa mita 8 ba, faɗin tsakar gida, in ban da cewa tsananin gudu yana ja masa kwana kamar yadda Einstein ya nuna. Ana iya ƙera fayon a na'ura, an fara yin haka a Bakali ta Amurka tun 1948, a harba shi kamar kibiya. Amma abin da za a harba ɗin fa? Ba wanda ya taɓa kafa bangon fayon.

Dabarar da aka ɓullo da ita a ƙarshen shekarun 1950 ita ce ta balbela da saniya. Ka san ba a raba saniya da balbela a fadama. Haka furoton yake, kullum da gajimaren fayon kewaye da shi, suna fita suna komawa. Sai a harbo fayon daga waje a kan furoton, a zaɓi lokutan da ya bugi ɗaya daga cikin balbelun maimakon saniyar, a ga yadda biyun suka watse. Gwaji mafi shahara irin wannan an yi shi a cibiyar CERN da ke Janiba, tare da masana daga birnin Munik na Jamus, aka fitar da sakamako a 1973 da 1974. Har yau ana komawa ga alƙaluman nan. Amma akwai gyara a ciki: saniyar tana nan tsaye, tana kaɗa wutsiya, kuma cire tasirinta daga lissafi ba abu ne mai sauƙi ba. Shi ya sa masana biyu za su ɗauki alƙaluma iri ɗaya, kowa ya fito da amsarsa daban.

[Ɗan gajeren kiɗa.]

Masu sauraro, yanzu mun zo ƙashin bayan shirin, ku matso da kujera.

Me ake aunawa idan fayon biyu suka yi karo? Tun 1924 aka gane cewa waɗannan ƙananan abubuwa ba kamar tsakuwa kaɗai suke tafiya ba, suna da halin igiyar ruwa, mai tudu da kwari, tudu da kwari, bisa wani taku. Ku tuna lugude. Mata biyu a kan turmi ɗaya, taɓaryar wannan na sauka, ta waccan na tashi. In muka ce zagaye ɗaya na taɓarya, daga sama zuwa turmi ta koma sama, digiri 360 ne, to tsakanin matan nan biyu akwai tazarar digiri 180. In su uku ne, 120. Yanzu a ce kana zaune a zaure, ba ka ganin cikin gida, kunnenka kawai ke bin luguden. Can sai ka ji bugu ɗaya ya ɗan makara, daga nan aka ci gaba da sauri iri ɗaya, amma takun ya goce daga inda yake. Ba ka ga komai ba, amma ka san wani abu ya faru. Wataƙila yaro ya zo wucewa, wataƙila an yi sallama. Ruwa ba ya tsami banza.

Wannan shi ne abin da zan riƙa kira gocewar taku. Igiyar fayon biyu tana shiga wurin karo da takunta, ta fito da sauri iri ɗaya, amma takun ya goce da wasu digiri. In suna jan juna, ya goce gaba. In suna ture juna, ya goce baya. Misali, fayon biyu masu caji iri ɗaya, takunsu baya yake ɗan gocewa, alamar ba shiri tsakaninsu. Aikin masu gwaji shi ne su riƙa ƙara ƙarfin karon kaɗan-kaɗan, suna rubuta digirin gocewar a kowane mataki. Wannan jadawali shi ne duk abin da ake da shi. Hausawa sun ce gani ya kori ji, to a nan babu gani, sai dai a iya ji.

Saura abu guda, sai mu haɗa. Kowa ya taɓa tura yaro a lilo. In kana turawa a hankali ƙwarai, lilon bin hannunka kawai yake yi. In kana fizga da sauri fiye da kima, sai ya riƙa saɓa maka, kana gaba yana baya. Amma akwai wani sauri guda, nasa na kansa, wanda in ka dace da shi, da ɗan yatsa ma sai lilon ya yi sama. A daidai nan, tazarar da ke tsakanin turinka da tafiyar lilon rubu'in zagaye ce, digiri 90. Wato daga sifili, ta bi ta 90, ta nufi 180. Wannan dacewa ita zan kira amo. Kuma ga abin mamakin: duk inda gocewar takun fayon biyu ta yi irin wannan hawa, ta ratsa 90 da hanzari, to a daidai wannan ƙarfi fayon biyun sun narke sun zama wani sabon abu na ɗan lokaci, kafin su sake rabuwa. Makarar da suka yi a wurin hira ita ce ta gotar da takun.

Kyakkyawan misali shi ne wanda ake kira ro, da aka gano a 1961. Ana kai ƙarfin karon wajen MeV 775, wato nauyin ro, gocewar taku sai ta tashi tsaye kamar an tsokane ta, yawan karo ya yi tsiri kamar dutsen Kwatarkwashi a tsakiyar fili. Ba mai gardama. Faɗin tsirin kusan 150 ne, kuma faɗin nan yana da ma'ana. Ka ɗauki ƙarfen da ake ratayewa a dogonyaro a makarantar firamare. In an buga shi, yana daɗewa yana ƙara, kuma muryarsa ɗaya ce tak, kana iya kwaikwayonta da baki. Yanzu ka mari buhun gero. Tim! Ya mutu nan take, kuma in aka ce ka faɗi muryarsa, sama take ko ƙasa, ba za ka iya ba. Abin da ya daɗe yana da murya tsayayya, abin da ya mutu da wuri muryarsa a baje take. Haka dokar take ga waɗannan ƙwayoyi, tana cikin ƙa'idar da Heisenberg ya kafa a 1927: gajeren kwana, faffaɗan amo.

To ro kalangu ne, ba ya daɗewa amma ana jin abin da ya faɗa. Gwarzon shirinmu na yau, sigima, shi ne buhun gero.

Tun 1955 wasu masana biyu, Johnson da Teller, suka ce fayon shi kaɗai bai isa ya bayyana ƙarfin da ke riƙe cibiyar zarra ba, dole akwai wani ɗan aiken da ya fi shi nauyi. A 1960 Murray Gell-Mann da Maurice Lévy suka gina wani tsarin lissafi wanda a cikinsa fayon iri uku suke da ɗan'uwa na huɗu, sigima. An siffanta shi sarai: ba shi da caji, kuma ba shi da juyi. Yawancin ƙwayoyin nan suna da wani hali kamar na katantanwar da yara ke murzawa, suna juyi a kan kansu, suna da sama da ƙasa. Ro yana da juyi, shi ya sa fayon da suka fito daga cikinsa suke fifita wasu kusurwoyi. Sigima kuwa ta ko'ina ka dube shi ɗaya ne, kamar ƙwallo, 'ya'yansa na watsuwa kowace fuska daidai wa daida. Fayon da ro da sigima duk mezon ake kiransu, kuma sigima yana cikin mezon marasa juyi.

Aka je neman sa a jadawalin gocewar taku, sai aka tarar da abin ɗaure kai. Takun yana gocewa gaba, tabbas akwai jan juna, mai ƙarfi ma. Amma hawan a hankali yake, kamar hawan tudun da ba ka san kana hawa ba sai ka waiwaya. Ba ya kaiwa digiri 90 sai an wuce MeV 800, kuma babu wani tsiri. Can kusa da 980 kuma sai wani siririn amo ya faɗo a kai, wanda ake kira f0(980), ya fizgi takun sama, kuma maimakon tsiri sai ya haƙa rami a yawan karon. Wasu suka ce ai ga sigima nan a baje. Wasu suka ce babu wani sigima, jan juna ne kawai ba tare da an haifi kowa ba.

Mu nan Sakkwato mun san irin wannan hali. Ranar 29 ga Sha'aban, ƙasa duka ta kasa kunne tana jiran sanarwa daga fadar Mai Alfarma Sarkin Musulmi. Ba don mutum ɗaya ya ce ya hango ake cewa wata ya tsaya ba. Akwai kwamiti, ana tambayar mai gani: a ina, da wane lokaci, ta wace fuska ƙahonsa yake? Masu binciken ƙwayoyin zarra su ma suna da nasu kwamitin, ana kiransa PDG a taƙaice, wanda asalinsa ya faro a Bakali a 1957. Duk shekara biyu yana fitar da kundin ƙwayoyin da aka yarda da su. An sa sigima a kundin a shekarun 1960, shaidu suka yi ta saɓa wa juna, sai a tsakiyar shekarun 1970 aka goge sunansa. Kusan shekara 20 ba ya ciki. Da aka dawo da shi a 1996, sunan da aka ba shi ma abin dariya ne: f0(400–1200). Wato nauyinsa yana wani wuri tsakanin 400 da 1,200. Kamar ka tambayi mutum ina gidan wane, ya ce maka yana tsakanin Sakkwato da Kano.

[Ɗan gajeren kiɗa.]

Yaya aka fita daga wannan duhu? Ta hanya biyu, kuma ta biyun ce ta fi burge ni.

Ta farko, an samu shaidun da babu saniya a kusa da su. Akwai wata ƙwaya mai suna kayon, wadda jefi-jefi, sau kamar 4 cikin 100,000, takan mutu ta bar fayon biyu tare da wasu ƙwayoyi biyu marasa shiga sabgar kowa. Fayon biyun nan su kaɗai suke hirarsu, don haka takunsu tsaf yake fitowa. A 1977 wani gwaji a Janiba ya tara irin wannan mutuwa 30,000. Gwajin NA48/2 na CERN, wanda ya kammala fitar da sakamakonsa a 2010, ya tara sama da miliyan 1. Ga kuma inda lissafi ya nuna bajinta. Akwai lamba guda da ke faɗin ƙarfin jan da fayon biyu ke yi wa juna in sun haɗu a hankali. Steven Weinberg ya fara lissafa ta a 1966, kuma in aka bi hanyarsa da alƙaluman yau ana samun 0.16. Masana uku, Colangelo da Gasser da Leutwyler a ƙasar Suwizalan, suka tace lissafin, a 2001 suka ce 0.220 ce. Da NA48/2 ya auna, sai ga 0.22. Tazarar da ke tsakanin 0.16 da 0.22 ba ƙarama ba ce, kuma alama ce cewa akwai wani abu a kusa da ke ƙara wa jan ƙarfi.

Hanya ta biyu alƙalami ce. Ku ɗauki hanyar Sakkwato zuwa Illela. Masu gwaji kamar direba suke, ba sa sauka daga kwalta, kwaltar ita ce ma'aunin ƙarfin karo. Kowane amo gari ne mai adireshi biyu: a kilomita nawa yake, wato nauyinsa, da kuma nisansa daga bakin titi, wato faɗinsa. Siririn amo kamar Kware ne ko Gwadabawa, motarka ta cikinsa za ta bi, ba ka buƙatar a faɗa maka. Sigima kuwa ƙauye ne can cikin daji, ba a hango ko hayaƙinsa daga titi. Abin da direba ke gani kawai, mutane suna ɓullowa bakin hanya da jakuna da kaya, a baje cikin kilomitoci masu yawa. Daga wannan kaɗai, za a iya cewa ga inda ƙauyen yake?

Za a iya, in akwai dokokin da ba a karyawa. A 1971 wani masani ɗan Indiya, S. M. Roy, ya rubuta wasu ƙa'idojin lissafi na karon fayon da fayon waɗanda ba su dogara ga hasashen kowa ba. Tushensu abubuwa ne da hankali ba ya musu. Sakamako ba ya riga sanadi. Abin da ya shiga karo dole ya fito ta wata hanya, jimillar yiwuwa ba ta wuce ɗari bisa ɗari. Sannan karon da ka kalla daga gaba da wanda ka kalla daga gefe doka ɗaya ke mulkinsu. Waɗannan sharuɗɗa suna ɗaure jadawalin taku tamau, har su kori alƙaluman da ba su dace ba, kamar yadda alƙali ke watsar da shaidar da ta ci karo da kanta. Mafi muhimmanci, suna ba ka damar sauka daga kwalta da lissafi, ka shiga dajin.

A 2006 wata masaniya daga Bukares ta ƙasar Romaniya, Irinel Caprini, tare da Colangelo da Leutwyler, suka tabbatar cewa ƙa'idojin Roy suna aiki har can cikin dajin inda ake zaton sigima. Suka bi, suka same shi: nauyi 441, faɗi 544. Ku lura, faɗinsa ya fi nauyinsa. A 2011 wani rukuni a Madrid, ƙarƙashin José Peláez, ya bi ta wata hanyar ya samu 457 da 558. Shaidu sun haɗu. A 2012 kwamitin ya sake masa suna f0(500), ya matse iyakar nauyinsa zuwa tsakanin 400 da 550.

Faɗin nan in aka mai da shi kwana, nawa ne? Ka raba sakan ɗaya gida tiriliyan. Ka ɗauki kashi ɗaya, ka sake raba shi gida tiriliyan. Kashi ɗaya na wannan rabo na biyu, shi ne kusan duk rayuwar sigima. Haske, wanda ke zagaye duniya sau 7 a sakan, ba zai iya ratsa ko rabin furoton ba kafin sigima ya mutu. Ba na'urar da za ta taɓa ɗaukar sawunsa kamar yadda Lattes ya ɗauki na fayon.

A shekarar ta 2012 dai, ranar 4 ga Yuli, duniya ta ɗauka da labarin gano ƙwayar Higgs a CERN. Shi ma marar juyi ne, ya fi sigima nauyi sau kusan 280. An yi ta shela cewa shi ne ke ba komai nauyi, amma maganar na buƙatar gyara. Furoton an gina shi ne da wasu ƙwayoyi uku da ake kira kwak. Nauyin da Higgs ya ba su, in ka tara, bai wuce MeV 9 ko 10 ba, cikin 938. Kusan kashi 99 cikin 100 na nauyin jikinka daga ƙarfin da ke ɗaure kwak yake fitowa, kuma fayon da sigima su ne mafi sauƙin muryoyin wannan ƙarfi. An yi wa Higgs buki, sigima ko walima bai samu ba.

Wani ɗalibi ya taɓa tare ni da cewa, Malam, duk wannan me ya shafe mu? Na nuna masa sama. Ranar nan da ke gasa mu a watan Afrilu, wadda Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo take nazarin cin moriyarta tun shekarun 1980, wutarta daga haɗuwar cibiyoyin zarra take. Kuma babban rabo na jan da ke manne furoton da niyutoron a matsakaicin nisa yana zuwa ne daga musayar fayon biyu a haɗe, a daidai yanayin nan na sigima. Ƙaramin injin nukiliyar bincike da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wanda ya fara aiki a 2004, da wannan ƙarfin yake ma'amala. Na'urar gashin ciwon daji da ke asibitin koyarwa na nan garin, jikar na'urorin da aka ƙera don harba ƙwayoyin zarra ce. An ma taɓa gwada gasa ciwon daji da fayon kansa, a Amurka da Kanada da Suwizalan, daga shekarun 1970, daga baya aka bari don bai fi sauran hanyoyin ba.

Sai na ƙara masa da wani abu. Ba mu da ramin CERN mai kewayen kilomita 27, kuma ba na jin za mu haƙa shi nan kusa. Amma aikin da ya gano mazaunin sigima a 2006 mutum uku ne suka yi shi, da alƙaluman da wasu suka auna tun kafin a haifi yawancin ɗalibanmu, da lissafi, da kwamfuta. Kundin PDG kyauta yake a intanet. Cibiyar da Abdus Salam ya kafa a Tiriyeste ta Italiya a 1964 an yi ta ne musamman domin masana daga ƙasashe irin namu. Abin da ake nema shi ne lissafi mai zurfi, irin wanda ake fara koyarwa a ajin shekara ta uku a can mazaunin jami'a na dindindin, wanda ɗalibai da yawa ke haddacewa don jarrabawa su manta.

Kuma aikin bai ƙare ba. An san inda sigima yake, amma da me aka gina shi? Mezon na yau da kullum, irin fayon da ro, kwak ɗaya ne da kishiyarsa. Sigima ya ƙi shiga wannan sahu. A dangin ro, wanda ke ɗauke da kwak mai nauyi shi ya fi nauyi, kamar yadda hankali zai ɗauka. A dangin sigima kuwa jerin a kife yake. Tun 1977 Robert Jaffe ya ce hakan zai daidaita in kwak huɗu ne a ciki, biyu da kishiyoyi biyu. Wasu na ganin fayon biyu ne kawai da suka rungumi juna suka kasa riƙewa. A 2017 wani rukunin masana a Amurka da Turai suka gina ƙaramar duniya a cikin babbar kwamfuta, inda suke da ikon sauya nauyin fayon yadda suka ga dama. Da suka mai da shi 391, sai sigima ya daina mutuwa, ya zama ƙwaya zaunanniya, fayon biyu a ɗaure. Da suka sauke shi zuwa 236, sai ya koma buhun gero. A duniyarmu fayon 140 ne.

Mai kula da na'ura yana ɗaga mini hannu, lokaci ya cimma mana. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauko kwak ɗin nan, mu ji dalilin da ya sa ba a taɓa kama guda ɗaya shi kaɗai ba. A sauke tafin hannu haka nan. Wassalamu alaikum.

[Kiɗan rufe shiri.]